Aikin Lantarki a Gida: Me Sufeto Yake Nema a Bayan Filasta?

Sau da yawa maigida kan ɗauki filaya da sukurdireba ya ja waya daga soket ɗin falo zuwa sabon ɗakin da ya gina. Idan ya danna makunni ƙwai ya kama, sai ya ce aiki ya yi kyau. Amma a wajen masana lantarki, kamawar ƙwai ba ta nuna komai ba illa cewa wuta ta sami hanyar wucewa. Ba ta nuna ko wayar za ta jure wa nauyin da aka ɗora mata ba, balle ta nuna abin da zai faru ranar da wuta ta ɓalle daga hanyarta. Wannan darasi zai duba yadda ƙasar Ingila ta tsara dokar irin wannan aiki, da dalilan kimiyya da suka sa sufeton gine-gine ke neman abin da yake nema.

Haɗari na Farko: Jikin Mutum

Wutar da ke shiga gidajen Ingila tana da ƙarfin turi na bolt 230, daidai da ta Nijeriya. Yawan wutar da ke gudana cikin abu kuwa da amfiya ake auna shi, kuma amfiya ɗaya ta ƙunshi miliamfiya 1,000. Bisa ƙa'idar Om, idan aka raba ƙarfin turi da turjiyar abu, wato yadda abin ke hana wuta wucewa, za a sami yawan wutar da za ta ratsa shi.

Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma idan jiki ya jiƙe turjiyarsa kan sauka zuwa wajen om 1,000. Idan aka raba 230 da 1,000 za a sami amfiya 0.23, wato miliamfiya 230. To, mutum kan fara jin tsikarin wuta tun daga miliamfiya 1. Daga wajen miliamfiya 10 zuwa sama tsokar hannu kan ƙage har ya kasa sakin wayar. Idan ta haura miliamfiya 50 kuwa, tana iya rikita bugun zuciya ta yi kisa. Abin lura a nan shi ne, fis mai amfiya 13 da ke cikin filogi ba zai ƙone saboda amfiya 0.23 ba. Ke nan fis waya yake karewa, ba mutum ba.

Haɗari na Biyu: Gobara

Duk wayar da wuta ke bi sai ta ɗau zafi, kuma idan yawan wutar ya ninka biyu, zafin kan ninka huɗu. Butar lantarki mai wat 3,000 tana jan kimanin amfiya 13, domin abin da ake samu ke nan idan aka raba 3,000 da 230. Shi ya sa a Ingila aka saba ja wa soket waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta fitilu kuwa 1 ko 1.5. Wanda ya haɗa soket da siririyar wayar fitila ya binne garwashi ne a bangonsa. Haka kuma mahaɗar da ba a ɗaure ta tam ba tana ƙara turjiya, ta riƙa zafi a ɓoye har robar ta narke.

Abin da Doka ta Tanada

Tun 1882 injiniyoyin Birtaniya suka fitar da ƙa'idojin jan waya na farko. A 1992 aka mai da su ma'aunin ƙasa mai lamba BS 7671, bugu na 18 kuma ya fito a 2018. A ranar 1 ga Janairu, 2005, aka shigar da aikin lantarki na gidaje cikin dokokin gine-gine na Ingila da Wels, a ƙarƙashin abin da ake kira Sashen P.

Dokar ba ta hana maigida yin aikinsa da kansa ba. Raba ayyukan gida biyu ta yi. Ƙananan ayyuka, kamar sauya fasasshen soket ko makunni, ba sai an sanar da hukuma ba, ko da yake wajibi ne a yi su bisa ƙa'ida. Tun bayan gyaran da aka yi wa dokar a Ingila a 2013, ayyuka uku ne sai da sanarwa: jan sabon layi daga akwatin rarraba wuta, sauya shi kansa akwatin, da ƙari ko sauyi a wuri mai haɗari na musamman, kamar kewayen bahon wanka ko shawa.

Ma'aikacin lantarki mai rajista yana da ikon gwada aikinsa ya ba da shaida da kansa. Maigidan da ba shi da rajista kuwa, hanyar da aka fi sani ita ce ya sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukumarsa tun kafin ya fara, ya biya kuɗin dubawa. Wanda ya ƙi, hukuma na iya tilasta masa ya gyara ko ya warware aikin, kuma rashin takardar shaida kan zame masa ƙarfen ƙafa ranar da ya tashi sayar da gidan.

Zuwan Sufeto

Galibi sau biyu ake duba aikin. Zuwan farko, bayan an ja wayoyi amma kafin a rufe su da filasta. A nan ake duba kaurin waya da hanyar da ta bi. Ƙa'ida ita ce wayar da aka binne ta miƙe sama, ko ƙasa, ko gefe daga soket ko makunni, ko ta bi cikin milimita 150 daga silin ko kusurwar ɗaki, don wanda zai kafa ƙusa daga baya ya san inda zai kauce wa. A 2004 wata matar aure ta rasu a kicin ɗinta a Ingila bayan ta taɓa maratayin kayan girki na ƙarfe. Bincike ya nuna ƙusar maratayin ta huda wata waya da magina suka binne a karkace, kuma ba da zurfi ba.

Ana kuma duba launi. Tsakanin 2004 da 2006 Birtaniya ta sauya launukan waya: mai ɗauke da wuta ta tashi daga ja zuwa ruwan ƙasa, mai mayarwa daga baƙi zuwa shuɗi, wayar ƙasa kuma tana nan kore da rawaya. Tsohon gida na iya ƙunsar duka biyu, don haka sai an yi hattara.

Zuwa na biyu na gwaji ne da na'ura. Ana tabbatar da cewa wayar ƙasa ba ta yanke ba daga akwati har soket na ƙarshe, domin ita ce ke kwashe ɓatacciyar wuta daga jikin firji ko dutsen guga. Ana tura bolt 500 don auna ingancin robar da ta rufe waya. Turjiyarta kada ta gaza om miliyan 1. Daga nan sai a gwada na'urar tsaro da ake kira RCD. Ita wannan na'ura tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan bambancin ya kai miliamfiya 30, alama ce wuta na zurarewa ta wata hanya, watakila ta jikin mutum, sai ta katse layin cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Abin da fis ya kasa, shi take yi.

Mai hikima yakan tuntuɓi sufeto tun kafin ya sayi waya, ya ajiye zanen layukansa, kuma ba ya shafa filasta sai an duba. Ba ya taɓa waya sai ya kashe wuta daga akwati, ya kuma tabbatar da na'urar gwaji cewa layin ya mutu.

Kammalawa

Nijeriya ta gāji filogi mai ƙafa uku da tsarin jan waya daga Birtaniya, kuma dokar 2015 ta ɗora wa hukumar NEMSA alhakin dubawa da gwada kayan aikin lantarki. Dokokin ƙasashe sun bambanta, amma ƙa'idar Om ɗaya ce a Landan da Kano. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. A sha'anin lantarki kuwa, sau da yawa ba a samun sararin neman maganin.

Tambayoyi don Nazari

1. Amfiya nawa dutsen guga mai wat 1,150 zai ja a kan bolt 230?
2. Me ya sa fis mai amfiya 13 ba zai ceci wanda wuta ta ja ba?
3. Don me aka fi tsananta doka a wurin wanka bisa ga falo?