Sana'ar Masu Sauƙaƙa Na'ura

Kun taɓa zuwa wurin masassaƙi sa'ad da manomi ya zo sayen ƙotar fartanya? Ba ya ɗaukar ko wace ya miƙa masa ya ce ya tafi. Sai ya ba shi ɗaya ya riƙe, ya sunkuya, ya kai sara kamar yana noma, shi kuwa yana tsaye yana kallo. In ta yi wa hannun manomin kauri, ya sa gizago ya rage. In ta faye tsawo, ya datse. Gama ya sani, kome kyan ƙota, in ta ƙi hannun mai ita aikinsa ya ɓaci.

To, cikin masu ƙera wayoyi da kwamfutoci akwai waɗansu ma'aikata da irin wannan shi ne aikinsu. Ba su haɗa ƙarfe, ba su kuwa sayar da waya. Su kan zauna su dubi yadda mutane ke amfani da na'ura, su gane inda ta ke ba su wuya, sa'an nan su tsara yadda za a gyara. A cikin wannan darasi za mu kira su masu sauƙaƙa na'ura.

In kun koma gida ku roƙi wani babba ya nuna muku wurin buga lamba a wayarsa. Za ku ga 1, 2, 3 a sama, sai 4, 5, 6, sai 7, 8, 9, ga 0 a ƙasa. Amma ku dubi na'urar lissafi ta mai kanti: ita 7, 8, 9 ne a sama. Jerin nan na waya ba haka kawai ya faɗo ba. Mutane ne suka yi ta gwaji kafin su tsai da shi, shugabansu kuwa shi ne John Karlin.

An haifi Karlin a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu cikin shekarar 1918. Ya yi karatun sanin halayyar ɗan Adam, ya kuma iya kiɗan gogen Turawa. Daga baya ya tafi Amurka, cikin 1945 ya kama aiki a Bell Labs, watau ma'aikatar bincike ta babban kamfanin tarho na ƙasar. Wurin cike ya ke da injiniyoyi waɗanda suka san kan waya ciki da waje. Shi kuwa abin da ya dame shi shi ne mai riƙe da wayar. Ya yi ta roƙo, har cikin 1947 aka buɗe sashe musamman domin binciken abin da ya fi wa mutane sauƙi.

A zamanin nan tarho a kan tebur ya ke, da igiya mai haɗa shi da abin da a ke karawa a kunne. Cikin igiyar akwai jan ƙarfe, jan ƙarfe kuwa ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shugabannin kamfani suka so a rage tsawonta, wanda ya ke kamar ƙafa 3, amma suna tsoron kada mutane su yi gunaguni. Da an bi su ana tambaya, "A rage muku igiya?" ai ba wanda zai ce i. Sai mutanen Karlin suka yi dabara. Bayan kowane kwana 3 su kan shiga ofisoshin abokan aikinsu a ɓoye, su rage inci 1 daga igiyar tarhon kowa. Kwana da kwanaki ba wanda ya farga, sai da aka rage ƙafa guda cur. Nan suka san iyakar abin da za a iya ragewa ba a cuci kowa ba.

Batun lambobi ya fi wannan wuya. A dā tarho faifai gare shi mai huda 10, mutum ya sa yatsa ya juya, ya jira ya komo, ya sāke juyawa. Da aka so a musanya faifan da madannai, sai tambaya ta taso, yaya za a jera su? Suka gwada jeri iri iri: da'ira, da layi 2 a kwance, da layi 2 a tsaye, da irin na na'urar lissafi, da waɗansu. Aka kira mutane suka yi ta buga lambobi, ana duba agogo, ana ƙidaya kuskure, ana kuma tambayarsu wanda ya fi kwanta musu a rai. Har girman madannin aka auna, da tazarar da ke tsakaninsu, da ƙarfin da yatsa zai sa kafin ya dannu. Jerin da ya fara da 1, 2, 3 a sama ya fito cikin waɗanda suka fi kyau, shi aka ɗauka. Ran 18 ga Nuwamba, 1963, aka fara aiki da sabon tarhon a jihar Pennsylvania. Karlin ya rasu cikin 2013, bayan jerinsa ya game duniya.

Yau sana'ar ta bunƙasa, domin galibin aikin waya ya koma cikin manhajoji, watau shirye-shiryen da a ke sa mata don aika saƙo, ko aika kuɗi, ko karatu. Cikin 1993 wani masani mai suna Don Norman ya kama aiki a kamfanin Apple, shi ne ya yaɗa sunan da Turawa ke kiran sana'ar da shi yanzu.

Ga yadda aikin ya kan kasance. A ce wani banki yana so a yi masa manhajar aika kuɗi. Mai sauƙaƙa na'ura ba ya fara taɓa kwamfuta. Kasuwa ya kan tafi, ya ga yadda mutane ke biyan juna, da irin wayoyin da ke hannunsu. Sa'an nan ya zana fuskar waya a takarda, da gurbin lamba, da gurbin kuɗi. In an yi samfuri, sai ya nemi izinin wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa, ya ce, "Inna, don Allah ki gwada aika wa ɗanki naira 2,000." Ya koma gefe da littafinsa.

Nan ne wuyar sana'ar ta ke. Zai ga ta tsaya tana neman abin da ke gabanta, bakinsa yana ƙaiƙayi ya ce, "Ga shi nan!" Amma tilas ya yi shiru, gama ran da za ta aika kuɗin gaske ba ya kusa. In ta kuskure lamba ɗaya, cinikinta na yini zai tafi hannun wanda ba ta sani ba. Ba ya rubuta cewa Inna ba ta iya ba. Abin da zai rubuta shi ne, a ƙara girman rubutu, a kuma nuna sunan mai karɓa ɓaro-ɓaro kafin kuɗi ya fita. Ya gyara, ya sāke gwadawa da wani. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, ya nuna cewa mutum 5 kaɗai sun isa su tona mafi yawan aibin manhaja, muddin za a gyara a kuma sāke gwaji.

Akwai abin da ba mai ganinsa sai ɗan gida. Wanda bai ji Hausa ba ina zai san madannai marasa ƙ da ɗ da ɓ suna mai da baƙi baki? Ina zai san dalilin da ya sa tsohuwa ta fi son aika murya da rubutu? Saboda haka ana bukatar 'ya'yanmu, maza da mata, cikin wannan sana'a. Mai sonta ya riƙe zane, domin da zane a ke nuna tsari. Ya riƙe lissafi, domin ƙidayar daƙiƙa da kuskure. Ya kyautata Hausarsa da Turancinsa, gama kalma ɗaya mai ruɗarwa a kan madanni ta isa ta ɓata aiki duka. Waɗansu su kan shigo ta hanyar karatun kwamfuta, waɗansu ta zane, waɗansu kuwa ta sanin halayyar ɗan Adam kamar Karlin.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen Karlin ba su tambayi abokan aikinsu ba kafin su rage igiyar tarho?
2. Faɗi abubuwa 3 da aka auna sa'ad da a ke gwajin madannai.
3. Don me mai sauƙaƙa na'ura ya kan yi shiru in Inna ta rikice?
4. Zana fuskar waya a allonka, da wurin da a ke so a danna a kira gida. Ba ƙanenka, kada ka ce masa kome, ka rubuta inda ya fara sa yatsa.