Masana'antu Ma Wuraren Tarihi Ne: Daga Essen Zuwa Bompai

In aka ambaci yawon buɗe ido a Turai, abin da kan faɗo wa ɗalibi a rai shi ne fadojin sarakuna da hasumiyar nan ta birnin Faris. To amma akwai wasu wuraren da jama'a ke tururuwa zuwa gani waɗanda asalinsu hayaƙi ne da gumin leburori. A Ingila akwai wata gada a kan kogin Severn da aka gina a 1779, wadda ita ce babbar gada ta farko da aka yi da zubin ƙarfe. A birnin Essen na Jamus kuwa, mahaƙar kwal ta Zollverein ta daina aiki a 1986, amma ba a rushe ta ba. Aka bar injunanta yadda suke, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 2001.

Malamin kimiyya da ke Kano ba ya bukatar jirgin sama kafin ya kai ɗalibansa irin wannan ziyara. Sai ya fara da marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. A nan ɗalibi zai ga an tsamo zane daga ruwan baba yana kore-kore, kafin a jima ya rikiɗe ya koma shuɗi. Dalili kuwa shi ne, launin baba ba ya narkewa a ruwa sai an jiƙa shi da toka ya kwana biyu ya ruɓa. Da zarar iskar oksijin ta taɓa zanen, sai launin ya koma yadda yake da farko, ya maƙale cikin zaren. Marina sun daɗe da sanin wannan a aikace tun kafin a rubuta shi a littafin kemistiri.

Daga nan sai Bompai, wadda ta girmi Sharaɗa da Challawa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta buɗe cinikin gyaɗa, cinikin ya jawo injunan matsar mai da na saƙa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa. Dalar gyaɗa yanzu sai a hoto. Tun daga 1986 ɗin nan da aka rufe Zollverein, wato shekarar da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, masana'antun Kano da dama suka yi ta durƙushewa saboda tsadar kayan gyara da ƙarancin lantarki. Injin da aka sayar wa 'yan gwangwan kuwa ba ya dawowa balle wani ɗalibi ya gan shi.

A Challawa da Sharaɗa darasin na jima ne. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, saboda sinadarin tanin da ke cikin 'ya'yanta yana hana fata ruɓewa. Kamfanoni kuwa da gishirin kuromiyam suke jima, domin ya fi sauri ƙwarai. Sai dai in ba a tace ruwan da ya fito ba, yakan bi magudana ya faɗa kogin Challawa, inda manoman rani ke ban ruwa. Ya kamata malami ya nemi izinin kamfani tun da wuri, ya kuma gargaɗi ɗalibai kada kowa ya sa hannu cikin wannan ruwa.