Gyaran Ƙafafun Tsohuwar Fijo

A hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna a Jos. Yana da tsohuwar Peugeot 504, watau Fijo, mai dogon baya da layin kujeru uku, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Da ita yake jigila daga tashar Titin Bauchi. Ran nan muna gangarawa wajen Toro, sai na ji bayanta yana lilo a kwana kamar kwalekwale, har wata tsohuwa ta riƙe kujera. Kawu ya ce, "Ɗana, gobe a cusa katako cikin sifirin, ta ƙara tashi." Makaniken ya ƙi, ga kuwa abin da ya koya mini.

Sifirin da shokazoba ba aikinsu ɗaya ba. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, amma in ya lotsa sai ya yi ta tsalle. Shokazoba kuwa bututu ne mai mai a ciki. Man yana kurɗawa ta 'yan ƙananan kafofi, shi ke kashe tsallen. In ya mutu, taya ba ta zama ƙasa sosai, sa'an nan sitiyari da birki duk su rage amfani. Katakon Kawu fa? Zai ɗaga motar, nauyinta ya hau sama, ta ƙara karkata a kwana.

Gwajin ba wuya. Danna kusurwar motar da ƙarfi, ka saki. In ta tashi ta tsaya, lafiya. In ta yi ta rawa, shokazoba ya gama aiki. Bayan wannan Fijo sifirin huɗu gare shi, biyu kowane gefe, kuma duk muka tarar ba su kwanta ba. Saboda haka muka bar su. Aka sake robobin da suka tsattsage, aka sa shokazoba biyu sababbi, gama ba a sake ɗaya a bar ɗaya. Kawu ya yi gunaguni kan kuɗin, ni ma na tausaya masa. Daga nan aka daidaita ƙafafun gaba, aka auna iskar taya.

'Yan'uwana malamai, ku gwada wa yara wannan. Ku danne rula a bakin tebur, ku kaɗa ta, ta yi ta rawa. Ku sake kaɗawa, yaro ɗaya ya taɓa ta da yatsa, su ga yadda take tsayawa nan da nan.