Kafin ka ce kwamfuta ta mutu, gwada wayar tukuna

A wani ofis da ke unguwar Al-Sadd a Doha, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, wani ƙanena a sana'a ya kwana biyu yana fama da wata tsohuwar kwamfuta mai Linux. Ba ta da allo, hanyar sadarwarta kuma ta yanke. Ƙofa ɗaya ta rage a shiga cikinta, wato soket ɗin siriyal mai fil tara da ke bayanta. Ya haɗa ta da laftof ɗinsa, ya buɗe PuTTY, allo baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya babu. Kafin ya kira ni har ya shirya gaya wa maigida a sayo sabuwa. Na ce, "Ƙanena, ka gwada wayar?" Ya ce, "Yaya, ai sabuwa ce dal."

Sabuwa ce, amma ba ita aikin ke bukata ba. Tsarin RS-232 da wannan soket ke bi ya fito ne a 1960, an kuma yi shi domin haɗa na'ura da modem. A soket mai fil tara, kwamfuta tana magana ta fil na 3, tana saurare ta fil na 2, na 5 kuma shi ne ƙasa. Modem yana yin akasin haka, shi ya sa miƙaƙƙiyar waya ta ishe su. To idan kwamfuta biyu ka haɗa da miƙaƙƙiyar waya, ka haɗa baki da baki ke nan, kunne da kunne. Kowace tana magana, babu mai ji. Abin da ake bukata shi ne wayar null modem, wadda aka giccye 2 da 3 a cikinta. Da ido ba ka bambance su, sai ka sa mita.

Gwajin da na fi so kowa ya iya ba ya cin ko minti biyu. Cire wayar daga ɗaya kwamfutar, ka haɗa fil na 2 da na 3 da guntun ƙarfe, ka buga haruffa. In sun dawo maka a allo, to laftof ɗinka da adaftar USB lafiya lau, wayar ma ba ta tsinke ba, sai ka sa mita ka duba ko null modem ce kafin ka koma can ɓangaren. In ba su dawo ba, laifin yana gabanka. Rashin gwada wayar ne ya cinye wa yaron nan kwana biyu, abin kuma ya dame ni, don yaro ne mai ƙwazo, ba wanda ya taɓa nuna masa ne kawai.

Da muka canza waya sai rubutu ya fito, amma shirme, alamomi barkatai. Wannan albishir ne: saƙo yana isowa, gudu ne bai zo ɗaya ba. Yaron ya saita PuTTY a 9600, irin na kayan Cisco, ita kuwa an saita ta a 115200. Muka daidaita, muka bar sauran a 8N1, sai ga ta tana tambayar sunan mai shiga. In kuwa kana ganin rubutu amma abin da ka buga ba ya tafiya, kashe saitin RTS/CTS.

Adaftar USB ma tana da tata rigimar. Jabun masu kwaikwayon Prolific PL2303 sun cika kasuwa, Windows kuma takan ƙi su da lambar kuskure 10. A Linux duba ko /dev/ttyUSB0 ya bayyana, a Ubuntu kuma ko sunanka na cikin rukunin dialout. Kada wayar ta wuce kamar mita 15.

Gargaɗi ɗaya da babbar murya: RS-232 na iya kaiwa bolt 15, ƙananan alluna irin Raspberry Pi kuwa 3.3 suke ɗauka. Ka haɗa su kai tsaye, ka ƙona allon.

'Yan uwana masu zuwa aikin kwamfuta ƙasashen Larabawa daga Kano, Katsina ko Maraɗi, don Allah kada ku raina wannan tsohon soket. Ranar da hanyar sadarwa ta faɗi, shi za ku nema. Ku ajiye wayar null modem guda, da adafta ta gaske, da mita a jakar aikinku.