Kafin a kwance giyabos, a fara cire kebur

Jirgin ruwa ba shi da birki. Matuƙin da ya nufo gaɓa a Yawuri ko a Baga, cike da fasinja da buhuna, abin da zai tsayar da shi kawai shi ne ya rage totur, ya dawo furi, ya sa ribas. A jirgin da ake tuƙawa daga kujera, umarnin nan duka ta kebur biyu yake isa inji, ɗaya na giya, ɗaya na totur. A injin da ake riƙewa da hannu, irin Yamaha Enduro mai doki 40, giya tana da sandarta a gefe, amma totur ta kebur yake bi a cikin mariƙin. A sana'armu ta gyaran waɗannan injuna, abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mayar da taurin hannun giya tamkar halin inji, a yi ta danna shi da ƙarfi har a saba.

Ƙarfin nan yana da farashi. A ƙasan inji, kusa da farfela, akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke zamewa ya kama giyar gaba ko ta baya. An yi shi ne ya shiga gaba ɗaya, lokaci guda, inji yana sulo. Idan wayar cikin kebur ta yi tsatsa, ko saitinsa ya goce, sai ya tura ƙarfen rabin hanya. Haƙoran su yi ta gogar juna har bakinsu ya cinye, daga nan giya ta fara fita da kanta ana tsakiyar tafiya, a ji wani bugu a ɗauka kututture aka taka. Kebur ɗin totur da ba ya komawa ƙarshe ma ɓarnarsa ke nan, domin inji bai sauka sulo ba aka cusa masa giya.

Gane mai laifi kuwa ba ya bukatar kwance komai. A kashe inji, a zare igiyar kashewa da hulunan fulogi, sannan a cire bakin kebur daga jikin inji. A motsa hannun giya. In har yanzu da tauri, matsalar tana kebur ko akwatin hannun. In ya saki, sai a koma kan inji, a sa giya da hannu ana juya farfela a hankali. In nan ne ya cije, sai a yi maganar sandar giya ko giyabos. A bi kebur ɗin da ido daga farko zuwa ƙarshe, a nemi inda rigarsa ta tsage, ta kumbura, ko aka lanƙwasa shi da yawa, domin kebur irin 33C na yau da kullum ba ya son lanƙwasar da ta matse fiye da inci 8. Wajen mayarwa, hannu a furi, inji a furi, a juya kan kebur har ya zauna ba tare da an ja shi ba. Littafin gyaran Yamaha ya ce kan kebur ɗin ya shiga zarensa aƙalla milimita 8.

Za a ce ai ruwanmu ba na gishiri ba ne, tsatsa ta mutanen teku ce. Gaskiya gishiri ya fi saurin ci, amma rana tana fasa rigar kebur a Kainji kamar ko'ina, kuma da zarar ta fashe, ruwan ƙasan jirgi da yashi da ƙurar hunturu sun sami ƙofa. Wasu kuma su ce a ɗura baƙin mai ya wadatar, sabon kebur da tsada. Tsadar gaskiya ce, ban raina ta ba. Sai dai man yana sassauta shi na ɗan lokaci ne, ba ya mayar da silin wayar da ya tsinke, kuma yana tara yashi. Kebur ɗin da rigarsa ta tsage sauyawa ake yi, da mai tsawonsa daidai. Sau da yawa tsawon yana rubuce a jikin tsohon. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin haƙoran giya ba, balle a ce ya tsinke ana dab da gaɓa, mutane na tsaye a bakin ruwa.