Girki a Kan Gas: Abin da Za Ki Yi da Wanda Ba Za Ki Yi Ba

'Yata, da icce da gawayi kika koyi girki, yanzu ga murhun gas a cikin kayan ɗakinki. Ki saurara da kyau. Wutar icce tana tashi a hankali, ta gas kuwa nan take take kamawa da duk ƙarfinta. Na ga tukwanen aure da suka huje kafin shekara ta zagayo, na ga fuskokin da tafasasshen mai ya bar wa tabo. Duk sakaci ne ya jawo.

Abin da za ki yi

Ki sayi tukunya mai kaurin gindi. Ita ke raba zafi ko'ina. Marar kauri tsakiya take ƙonawa, gefe bai nuna ba.

Ki ajiye ta a ƙasa ki gwada kafin ki biya. Wadda ke rawa a shago, a murhu kifewa za ta yi.

Ki daidaita wuta da faɗin gindin tukunya. Harshen da ya leƙo gefe gas ɗinki yake sha a banza, yana kuma narka mariƙi.

Ki riƙa duba launin wutar. Shuɗiya ce lafiyayya. Idan ta koma rawaya, yawanci ramukan murhun ne suka toshe: za ta baƙanta tukunya, ta fitar da iskar guba marar wari. Kashe ki goge.

Ki rage wuta da zarar abinci ya tafasa. Ruwa ba ya wuce digiri 100 a tukunyar gida, ƙarin wuta sai ƙauri.

Ki sulala tuwo, ki turara shinkafa, a mafi ƙanƙantar wuta. In ba haka ba rabin abincin ƙanzo zai zama.

Ki ƙyasta ashana kafin ki murɗa gas. Gas ɗin da ya taru yana tashi ne a fuska.

Ki buɗe taga, ki juya mariƙin kasko ciki. Hannun yaro ya fi idonki sauri.

Ki shafa kumfar sabulu a tiyo da mahaɗa. Inda ya yi ƙwai, nan yake yoyo.

Abin da ba za ki yi ba

Kada ki ɗora babbar tukunya a kan ƙaramar silinda mai murhu a kai. Zafi yana komawa kan silindar, kuma tuƙin muciya ɗaya ya isa ya kifar da ita. Girkin biki da na suna, a kai shi murhun ƙasa.

Kada ki sayi tukunyar da aka zuba da tarkacen injin mota don arha. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya samu dalma a irin waɗannan tukwane, kuma kin ji ɓarnar da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010.

Kada ki bar miyar tumatir ko tsamiya ta kwana a tukunyar alminiyam. Tsami da kanwa duk suna cin jikinta.

Kada ki ɗora kasko mai baƙin shafe babu komai a ciki. Shafen yana lalacewa da zafi. Cokalin ƙarfe da soson ƙarfe kuma suna ɓare shi cikin abinci.

Kada ki ɗora tukunyar ƙasa a babbar wuta farat ɗaya. Tsagewa take yi.

Kada ki yi girki da hijabi ko mayafin leda. Idan ya kama, a jikin fata yake narkewa.

Kada ki zuba ruwa a man da ya kama wuta. Kashe gas, rufe da murfi.

Kada ki taɓa makunnin lantarki idan kin ji warin gas. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa yana jiran tartsatsi. Rufe silinda, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara.

Kada ki bar mai a wuta ki tafi amsa waya ko sallama.

Kuma kada ki kwanta barci sai kin rufe gas daga kan silinda da hannunki. Wannan ba aikin da ake aiken yaro ba ne.