Yadda Ake Gyara Sunan Uba a Takardar Haihuwa

Takardar haihuwa a Najeriya aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, bisa dokar 1992 da ta wajabta yi wa kowane jariri rajista. Don haka amsar wani mai sauraronmu daga Tsafe da ya tambayi yadda ake gyara sunan uba a takardar ita ce, hukumar da ta ba da takardar ita ke da ikon gyara ta. Ba a kankare suna da reza, ba a rubuta wani a kai, domin hakan na jefa shakku a kan takardar gaba ɗaya.

Kuskuren yakan faro ne tun ranar rajista. Wata uwar, alkunya ke hana ta kiran sunan mijinta, sai a rubuta laƙabi, Garba a maimakon Abubakar, ko Shehu a maimakon Usman. Ba a ganin illar sai yaro ya zo yin rajistar NIN ko ta jarrabawa, sunaye suka ƙi haɗuwa.

Da farko uba zai koma wurin jami'in rajista na cibiyar da aka yanki takardar, a Tsafe ne ko Bunguɗu, riƙe da ita da katin shaidarsa. Yawanci akan nemi takardar rantsuwa daga kotu mai bayyana sunan na gaskiya. Abin da ya fi ƙarfin cibiyar, ofishin hukumar na jiha da ke Gusau ake kai shi.

Idan kuma gurbin uba ne aka bari babu suna, ya fi sauƙi iyayen biyu su je tare. Inda ake jayayya kan nasabar yaro kuwa, kotu ce ke yanke hukunci.